Idan Bature Zai Sauka a Gidanku a Herwagana

Wani matashi daga Herwagana ya aiko mini da tambaya. Ya yi karatun digiri na biyu a Jamus, yanzu kuma abokin karatunsa, Bajamushe, zai zo Gombe ya yi mako uku. Baƙon ya ce ba ya son otal, a cikin unguwa yake so ya zauna, ya ci abin da ake ci, ya ga yadda ake rayuwa. Mahaifin yaron ya amince, har an share shagon ƙofar gida an sa katifa. Abin da ke damunsa shi ne yadda zai yi kada baƙon ya sha wahala, kuma kada ya yi abin kunya a gaban su Baba.

Ƙanena, ka yi tambaya mai kyau, kuma ka yi ta a kan lokaci. Shawarata ta farko, wadda duk sauran suke rataye a jikinta, ita ce ka buɗe baki ka riƙa faɗa masa abu tun kafin ya auku. Mu mutanen kara ne. Idan baƙo ya yi ba daidai ba, sai mu kau da kai, mu yi murmushi, mu ce ai baƙo ne. A ƙasarsu kuwa, wanda ya yi kuskure a take ake gaya masa, kuma ba ya ɗaukar hakan a matsayin cin fuska. Saboda haka shirun da za ku yi masa don girmamawa, shi zai ɗauka cewa abin da ya yi daidai ne, gobe ya maimaita. Haka za a yi ta tafiya, mutanen gida suna haɗiye abu, shi kuma yana mamakin me ya sa fuskoki suka fara canzawa. Kai kaɗai ne ka zauna a ɓangarorin biyu, don haka nauyin tafinta yana wuyanka, kuma tafintan al'ada ya fi na harshe wahala.

Na ga wannan da idona. Shekarun baya wata Baturiya ta sauka a gidan wani ɗan'uwana. Washegari da hantsi wata tsohuwa maƙwabciya ta aiko jikanyarta da kwanon dambu, an rufe da faifai, an zuba man gyaɗa da yankakkiyar albasa a kai. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Wai in ji Inna a ba baƙuwa." Baturiyar ta buɗe, ta yi murmushi, ta ce ta gode amma ta riga ta karya, sannan ta mayar da faifan ta miƙa wa yarinyar kwanon. Yarinyar ta tsaya tana kallon matar gidan, matar gidan ta sunkuyar da kai. Kwano ya koma yadda ya zo. A ganin baƙuwar ta kyauta, ta hana abinci lalacewa. Ita kuwa tsohuwar kwana uku ba ta leƙo gidan ba. Da a daren farko wani ya ce mata, "Idan aka aiko da abinci ki karɓa da hannu biyu, ki ce an gode, ko loma ɗaya ki ci, sauran yara za su cinye," da ba a kai ga haka ba. Da aka yi mata bayani daga baya har ƙwalla ta yi, ta ce me ya sa ba wanda ya gaya mata.

Ka fara aikin tun yana can. Ka tuna masa da biza da katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin ana iya tambayarsa a filin jirgi. Ya ga likitansa a kan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, wanda ake fara sha tun kafin a taso, kai kuma ka ɗaura masa gidan sauro marar ɓula. Jikinsa bai taɓa haɗuwa da wannan ciwo ba, zazzaɓin da kai za ka sha magani ka fita aiki shi yana iya kwantar da shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a tafi gwajin jini a ranar, kada a ce a bari a ga gobe. Idan zaɓin lokaci yana hannunku, ku kauce wa Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake kusantar digiri 40. Disamba da Janairu sun fi masa sauƙi, sai dai ya zo da man shafawa saboda hunturu yana fasa leɓe.

Maganar tsaro ma kada ka ɓoye masa komai. Gwamnatocin Amurka da Ingila sun daɗe suna sanya Gombe cikin jihohin da suke gargaɗin mutanensu a kai, kuma iyayensa za su karanta labarin bama-baman da suka tashi a tashar Dukku a 2014 da babbar kasuwa a 2015. Ka gaya masa yadda gari yake a yau da gaskiya, ya duba abin da gwamnatinsa ta ce, ya tabbatar inshorarsa ta tafiya tana aiki a nan, sannan ya yanke shawara da kansa. Idan ya iso, kada a kwana biyu ba ka kai shi gaban mai unguwa ba. Wannan gaisuwar ta fi kowane makulli. Da zarar mai unguwa da limami da dattawan majalisa sun san baƙon gidan Alhaji wane ne, ya zama na kowa, mai shayi da mai kanti da 'yan acaɓan bakin layi duk za su sa ido a kansa. Tafiyar dare zuwa wajen gari kuwa a bar ta, kuma ba kowa za a riƙa gaya wa inda za ku gobe ba.

Abin da ya fi komai buɗe masa ƙofa shi ne gaisuwa, don haka a nan za ka fi ɓata lokaci. A garinsu mutum yana iya shiga kanti ya faɗi abin da yake so kai tsaye. Ka fahimtar da shi cewa a nan wanda ya fara da buƙata kafin gaisuwa ya nuna bai ɗauki mutumin da ke gabansa a bakin komai ba. Ka aika masa da muryarka ta WhatsApp ya riƙa maimaitawa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, da amsoshinsu. Ka gaya masa cewa amsar ita ce lafiya lau ko da kansa na ciwo, bayanin ciwon sai an zauna. Kuma tun da Gombe ce, ka ƙara masa da Fillanci ko kalma biyu. Ranar da zai durƙusa gaban wata kaka ya ce "A waali jam?" ta amsa da "Jam," to ya gama da wannan gidan, har ya tafi ba za a daina ba da labarinsa ba. Kada ka bari kunyar kuskure ta hana shi. Za a yi dariya, ka gaya masa dariyar jin daɗi ce.

Ka nuna masa a aikace yadda ake cire takalmi kafin a hau tabarma, yadda ake rage tsawo a gaban babba, da yadda ake kai hannu ƙirji bayan musafaha. Abubuwa biyu za su yi masa wuya domin akasinsu aka koya masa tun yana yaro. An koya masa cewa kallon mutum cikin ido alamar gaskiya ce, a nan kuwa yaron da ya ƙura wa dattijo ido ana cewa ba shi da kunya. An kuma koya masa cewa kiran mutum da sunansa alamar kusanci ce. Ka hana shi kiran mahaifinka da sunan yanka ko da ya gani a takarda. Baba zai ce, ko Alhaji, mahaifiyarka kuma Mama ko Hajiya, yayyenka Yaya. Sannan hannun hagu: ba a ci da shi, ba a miƙa kuɗi da shi, ba a karɓa da shi. Kada ka tsaya a "ba a yi," ka kai shi banɗaki ka nuna masa buta ka gaya masa dalili. Bature idan ya san dalilin abu yana riƙe shi da kyau. Idan bahago ne, ka sanar da mutanen gida tun da wuri.

Gidajen Herwagana na tsohon gari ne, akwai zaure, akwai cikin gida, kuma akwai iyaka a tsakani wadda ba a zana ta a ƙasa ba. Ka tsaya da shi a daidai inda namiji baƙo yake tsayawa, ka ce masa daga nan sai da sallama, sai kuma an ce ya shigo. Ka gaya masa kada ya fara miƙa wa mace hannu, kada kuma ya rungumi kowa don murna. Idan mace ta gaishe shi tana kallon gefe, ba ƙinsa take yi ba. Gajeren wando ya tsaya a ɗaki. Mafi sauƙi, a kwana na biyu ka kai shi kasuwa ya zaɓi yadi, tela ya ɗinka masa kaftani biyu, ka ɗora masa hula. Zai ji sanyin kayan a jikinsa, mutane kuma za su ga ya girmama su. Da mace ce baƙuwar, da na ce ta fi shi sa'a, domin da zane da mayafi za ta shiga har ɗakin amarya, a yi mata lalle, ta ji hirar da namiji baƙo ba zai taɓa ji ba. Ka tuna littafin Baba ta Karo da aka buga a 1954. Mary Smith, wadda ta rubuta shi, ta samu wannan labari ne saboda ita mace ce mai jin Hausa, tana zama da matan cikin gida a ƙasar Zazzau, inda mijinta M. G. Smith ba shi da ikon shiga.

Yanzu abinci. Akwai tambayar da ba mu saba yi ba amma dole ka yi ta: akwai abin da jikinsa ba ya ɗauka? A cikin Turawa akwai waɗanda ƙwayar gyaɗa ɗaya take kumbura musu maƙogwaro har numfashi ya gagara, kuma wannan ba tsirfa ba ce, ana mutuwa. Ka duba girkinmu ka gani. Yajin tsire da na kilishi da ƙuli-ƙuli ake yi, miyar taushe da gyaɗa, kunun gyaɗa sunansa ya faɗa, masa da ƙosai sau da yawa da man gyaɗa ake toyawa. Idan yana da wannan lalura, kai da kanka za ka shiga madafi ka yi wa Hajiya bayani. Wataƙila kuma ya ce ba ya cin nama. Ka faɗa tun kafin Baba ya sa a yanka masa kaji, domin an fi jin zafin ƙin abin da aka riga aka yi wahalarsa. Barkono a rage a makon farko. Ruwa ya sha na gora wanda ba a buɗe ba, zoɓo da kunun zaƙi na kan hanya a jinkirta, fura da nono kuma a fara da wadda aka dama a gida da tafasasshen kindirmo. Duk da haka cikinsa zai iya ɓaci kwana ɗaya ko biyu, ka ajiye ruwan gishiri da sukari.

Ka kuma koya masa yadda ake ƙoshi. An tarbiyyantar da shi a kan cinye duk abin da aka zuba masa, Hajiya kuma idan ta ga kwano ya koma fes za ta ce bai ishe shi ba, gobe ta ninka. Ya rage kaɗan, ya ce alhamdu lillahi, na ƙoshi, an gode.

Lokaci zai ba shi wahala fiye da barkono, musamman da yake Bajamushe ne. Idan aka ce masa ƙarfe huɗu, zai shirya tun huɗu saura kwata. Ka bayyana masa cewa agogon unguwa salla ce, ana cewa bayan Azahar, bayan La'asar, tsakanin Magariba da Isha, kuma mutumin da ya makara don ya tsaya jana'iza ko gaida marar lafiya bai yi laifi a idon kowa ba. Amma kai ma ka yi masa adalci. Idan abu ba zai yiwu ba, ka ce masa ba zai yiwu ba. Mu mun san bambancin "in sha Allahu" ta alkawari da "to, bari mu gani" ta sallama, shi duka biyun e ce a kunnensa. Ka gaya masa ladan zai tashe shi da asuba, ran Juma'a da rana hanyoyin kusa da masallatai suna cikewa, idan kuma zuwansa ya faɗa cikin azumi, ya ci abincinsa a ɗaki.

Waya da hoto kuwa, a nan nake so ka yi tsayin daka. Idonsa zai fi zuwa kan abin da bai saba gani ba: almajiri da roba, kwata, bola, akuya a kan titi. Ka ce masa ya nemi izini kafin ya ɗauki kowa, kada ya ɗauki mata ko yara ba da yardar manyansu ba, kada ya ɗaga waya a shingen jami'an tsaro ko kusa da bariki. Ka ba shi labarin Margery Michelmore, wata 'yar Amurka da ta zo aikin sa-kai a ƙarƙashin shirin Peace Corps a 1961. Ta rubuta wa wani a gida kati tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a Ibadan, katin ya faɗa hannun ɗalibai, aka yi zanga-zanga, dole ta bar ƙasar. Wancan kati ɗaya ne. Yau abin da ya sa a Facebook da safe, kafin Azahar yaran layinku sun gani. Ba cewa nake ya rufe ido ga matsalolinmu ba, ya tambaya, ku tattauna. Amma mutanen da suka ba shi tabarma suna da haƙƙin kada a nuna su ga duniya ta inda ba su so.

A kasuwa ka bar shi ya yi ciniki da kansa kana gefe. Ka koya masa "nawa ne," da "rage mini," da ma'anar "albarka" da "na sallama," da neman gyara. Za a ɗan ƙara masa kuɗi, kada ya mai da shi abin faɗa, kada kuma ya taya abin da ba shi da niyyar saye. Ka kai shi Tudun Hatsi ya ga buhunan masara da wake da ake lodawa zuwa kudu, zai fahimci abin da garin yake ci da shi fiye da duk bayanin da za ka yi masa. Masu roƙo za su bi shi, wasu ma har gida za su zo da buƙata. Ku yi shawara tun farko cewa duk mai neman taimako ta hannunka zai bi, domin kada ya riƙa raba kuɗi a titi, kuma kada ya koma yana zargin duk wanda ya gaishe shi.

Akwai wani abu da zai faru wajen kwana na bakwai zuwa na goma, ina so ka shirya masa. Mutumin da ya iso yana murna da komai zai yi shiru. Zai shige ɗaki ya rufe ƙofa, ƙaramin abu kamar ɗaukewar wuta ko ihun yara na "Bature, Bature" ya ɓata masa rai. Wani masanin al'adu, Kalervo Oberg, ya yi bayanin wannan hali a wata lacca da ya gabatar a Rio de Janeiro ta Brazil a 1954: da farko zumuɗi, sai gajiya da ƙunci, sannan a hankali sabo ya zo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk abin da yake yi a gida ba tare da tunani ba, a nan sai ya yi tunani, daga wanka da bokiti har zuwa wane hannu zai miƙa. Ga shi kuma ya taso da ɗakinsa shi kaɗai, a gidanku kuwa barin baƙo shi kaɗai rashin kirki ne. Kowa zai leƙo ya ce lafiya? A nan tafintanka zai juya ya fuskanci gida. Ka gaya wa Hajiya ba fushi yake ba, ba kuma abincinta ne bai yi masa ba, hutawa yake. Ka ware masa awa biyu kullum da ba mai ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ka tuna damunarka ta farko a Jamus, ranar Lahadin da ka leƙa titi ba kowa, ba wanda ya ce maka sannu. Abin da ka ji a ranar shi yake ji, sai dai kai shiru ne ya yi maka yawa, shi kuma jama'a.

Mutanen gida ma ka ja musu kunne a kan tambayoyi. Shekarunka nawa, me ya sa ba ka yi aure ba, nawa ake biyanka, duk a wurinmu hira ce, a wurinsa shiga sirri. Maganar addini za ta taso, kuma ba laifi, amma ka roƙi abokanka kada a taru a kansa. Wataƙila Kirista ne, ka nuna masa coci, Gombe ba ta rasa su ba. Wataƙila ya ce ba ya bin kowane addini, ka shawarce shi ya bar wannan a tsakaninku, kuma ka gaya masa ƙarara cewa wasa da addini ko da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba shi da wuri a nan ko da sunan raha.

Ba shi ne Bajamushe na farko da ya taka ƙasar nan ba, kuma zai ji daɗi idan ka gaya masa. Eduard Vogel ya iso Gombe a 1855, Gerhard Rohlfs ya ratsa ta a 1867 a hanyarsa daga Kukawa zuwa Legas. A lokacin fadar tana Gombe Abba, garin Buba Yero, domin sai a 1919 aka dawo da sarauta nan inda muke, bayan 'yan shekaru a Nafada. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya yi shekara biyar daga 1850 zuwa 1855 yana yawo tsakanin Borno da Kano da Sakkwato da Timbuktu, kuma abin da ya taimake shi shi ne ya koyi Hausa da Barbarci, yana kuma sauraron 'yan ƙasa da ke tare da shi. Idan hanya ta yi kyau kuma manya sun yarda, ku je Gombe Abba da rana, ku je madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Idan an dace da Salla, ka samar masa wuri kusa da fada ya ga hawa.

Ka ce ya zo da tsaraba, ba mai tsada ba: turare ko agogo na Baba, mayafi ko sabulu mai ƙamshi na Hajiya, alewa ta yara, amma a duba kada a samu giya ko kitsen alade a ciki. Ka gaya masa idan Baba ya karɓa ya ajiye gefe bai buɗe ba, hakan shi ne mutunci, godiyar za ta biyo baya, wataƙila ta bakin wani. Kwana biyu kafin ya tafi ku zaga sallama gida-gida, daga mai unguwa har tsohuwar da take aiko masa da ƙosai. Za a haɗa masa kilishi da hula da turmin atamfa na mahaifiyarsa. Ya karɓa duka, ko da kilishin ba zai wuce kwastan ɗin Turai ba, sai ku ci a hanyar filin jirgin sama na Lawanti. Ka sa lambar Baba a wayarsa, ka ce da ya sauka gida, kafin ya kwanta, ya kira ya ce ya isa lafiya.